Ustad Dilawar da Murjanin Khala Shamim

Da hantsi, lokacin da iskar teku ta tsaya cik, zafin Karachi ya fara tasowa daga kwalta, za ka ga Ustad Dilawar ya fito daga shagon shayin unguwar Gizri yana goge man paratha, soyayyiyar gurasar can, a gefen riga. Jarkokin ruwan gishiri a bayan babur, burushi a aljihu. A haka ya tsufa, gida-gida, yana duba akwatunan gilashin da mutane ke kiwon murjani mai rai, halittar teku, a falo. Bana gwiwa ta ƙi hawa bene, ya ajiye aiki. Gara a yaba masa tun yana ji da kunnensa.

Yakan ce murjani ya fi jariri rigima, ga shi ba ya kuka. In ruwa ya yi zafi ko gishiri ya canja, sai naman jikinsa ya fara saɓulewa daga gindi, farin ƙashi ya fito.

Mutanen benensu Khala Shamim shaida ne. Mijinta, marigayi Haji Anwar, aminin Ustad, ya bar mata wani koren murjani mai rassa, wanda ya rena tun yana kamar ɗan yatsa. Ba ta san komai a kansa ba, sai dai kullum da safe takan gaishe shi. Wata rana a tsakiyar zafi aka ɗauke wuta, ta taɓa gilashin ta ji ɗumi. Sai ta yi masa abin da ake yi wa baƙo mai daraja: ta sayo ƙaton dunƙulen ƙanƙara wurin mai kura, ta jefa ciki. Ƙanƙara ta narke, ta tsinka gishirin. Washegari fari ya fara hawa rassan.

A bakin ƙofa ta tari Ustad da hawaye, wai ta kashe wa Haji abinsa.

"Bhabhi, matar aminina, sharbat mai sanyi kika so haɗa masa ya sha? Ai da kin matsa lemon tsami."

"Dilawar Bhai, in ba za ka duba ba, ga hanya nan. Tsoho da kai, sai baki."

Ya duba, ya ce gindin ya riga ya tafi, dole a yanke kawunan da ke da rai kafin farin ya cim musu. Khala ta ce wuƙa ba za ta taɓa kayan Haji ba. Bai yi musu ba. Ya zauna ya sha shayi, sannan a hankali ya gaya mata cewa shi ma wannan ɗin, daga jikin wani murjani mai mutuwa ya yanko wa Haji shi. Ta juya fuska bango, ta ce ya yanke, amma ita ba ta kallo.

Ya yanke, ya manna guntayen a kan ƙananan duwatsu, ya riƙa zuwa yana mayar da gishirin kaɗan-kaɗan. Yawancinsu sun mutu. Ɗaya ya ƙi. Da damina ta faɗi, koren nama ya malala ya rufe dutsen, Khala ta raba alewa a benen kaf kamar an yi haihuwa.

Kai ne, Ustad, mai sanyin hannu, wanda bai taɓa ce wa mai kuskure ai na gaya maka ba. Kai ne ka san wani abin da ke cikin gilashi ba ado ba ne, mutum ne ake tunawa. Mun gode, Allah ya ba gwiwar nan lafiya. Masu tasowa a sana'ar, ku koyi zamansa kafin ku koyi yankansa.

Makon jiya zafi ya dawo. Ustad ya lallaɓa ya hau benen, wai ziyara. Khala na can wajen murhu tana mitar tsadar sukari, shi kuwa ya cika robobi da ruwa, ya ɗaure bakinsu tam, ya jera mata a firji, don in wuta ta tafi, su za ta saka a akwatin murjanin, sanyi ya shiga, gishiri ya zauna yadda yake. Yana sauka ya jiyo ta tana faɗa, wai wane ne ya cinye mata wurin ajiye nama.

Ya gyara hularsa, ya ci gaba da sauka a hankali.