Buhun Matattun Batura

Babana masunci ne a bakin ruwa kusa da garin Wara. Duk mataccen batir sai ya fasa shi, ya narkar da dalmar ciki ya ɗaura wa taru don ya nutse. Da baturan sola na zamani suka zo, ya fasa ɗaya, ya kama da wuta. Ya yi ta faɗa, wai batir babu dalma aikin banza ne, amma bai daina tara su a buhu ba.

Bayan rasuwarsa wani ya zo daga Yelwa yana sayen irinsu, wai da sinadarin cikinsu ake yin baturan motocin lantarki. Na miƙa masa buhun. Na juya in ce, "Baba, ashe suna da amfani," sai na ga tabarmarsa a naɗe.