Abin da Na Cire Daga Kwamfutar Baba

Ni ɗan fari ne, don haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. "Kai" yake ce min, in kuma maganata ta taso a gaban mutane sai ya ce "wancan na Bodinga", kamar wani baƙo da ya taɓa kwana a gidanmu. Malami ne a Shagari. Ɗalibansa magidanta ne, manoman albasa da gero daga Dandin Mahe da Mandera, su taru a zaurensa bayan la'asar kowa da littafinsa, ya karanta Larabci ya fassara musu. Ni kuwa ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Bodinga, sana'ar da ban tabbata ya taɓa ɗaukarta sana'a ba.

Ciwon suga ne ya taɓa masa ido. Na kai shi asibiti a Sakkwato, suka yi iya ƙoƙarinsu, suka faɗa mana gaskiya cewa abin ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu. Ya sa tabarau, ya wuce tabarau. Wata rana babban ɗalibinsa ya ce, cikin ladabi, ko Malam zai bari shi ya riƙa jan baƙi, Malam ya fassara. Ina wurin. Baba ya rufe littafi a hankali ya ce, "Ran da anka fara karanta min, ku naɗe tabarmin ga ku nemi wani malami." Na san halinsa. In ya faɗa ya faɗa, kuma in karatun nan ya tsaya, ban ga abin da zai riƙa tashe shi da safe ba.

Shi ya sa na zauna na rubuta masa 'yar manhaja. Aikinta ɗaya: ta nuna littattafan da yake karantarwa da manyan baƙaƙe, baƙi ƙirin a kan fari, in ya danna dogon maɓallin nan na ƙasa ta juya shafi. Na samo masa tsohuwar kwamfutar cinya da batir da ɗan faifan sola, na saita ta yadda da ya kunna sai manhajar ta buɗe da kanta. Ranar da na kai, ya daɗe yana kallon allon, ya karanta layi biyu, sannan ya ce, "Ashe bokon ga yana da rana." Wannan shi ne yabo mafi tsawo da na taɓa samu daga bakinsa, kuma har na hau mashin ina murmushi kamar wawa.

Mai rubuta manhaja ba ya ƙera taga da maɓalli da akwatin rubutu na kan allo da hannunsa. Akwai tarin kayan da wasu suka riga suka ƙera, mukan ce masa laburare, sai ka ɗauko ka gina a kai. Wanda na ɗauko yana aiki a kan kowace irin kwamfuta, abin da nake buƙata ke nan, don tsarin da ke tafiyar da tawa daban yake da na ta Baba. A cikinsa akwai wani dogon fayil, layi bayan layi, kowane da sunan wani abu da laburaren ya iya: buga takarda, sauti, zaɓen launi, shiga intanet, jan abu da linzamin kwamfuta. A ƙarshen kowane layi akwai ɗaya ko sifili. Ɗaya, a sa shi. Sifili, a bar shi waje. Kuma kafin a haɗa manhajar ake yanke wannan hukunci, kamar miya, abin da ba ka zuba a tukunya ba ba za ka same shi a kwano ba. In ka canja ko da layi ɗaya, sai ka sake haɗa komai tun daga tushe, aikin da kan cinye min yini, in masu wuta ba su ɗauke a tsakiya sun sa na zage su a raina ba.

Na fara taɓa fayil ɗin ne saboda kwamfutar Baba tsohuwa ce, numfashi take da ƙyar. Amma daga baya shi kansa ne ya riƙa sa ni. Hannunsa ya fara rawa, yatsansa ya kauce ya danna abin da bai nufa ba, wata taga ta faɗo a kan karatu. Ya kira ni a waya a fusace.

"Wanga abu naka ya cika tambaya. Ina tsakar karatu shina tambayata ko in buga takarda. Ni na ce mai ina son takarda?"

"A gafarce ni Baba, zan cire."

"Cire shi duka, kak ka ɓoye shi."

Na mai da buga takarda sifili. Bayan nan zaɓen launi, bayan nan jerin umarnin da ke sama, bayan nan linzamin gaba ɗaya. Duk ranar Juma'a in an sauko masallaci sai in kama hanyar Shagari da sabon zubi a cikin filashi a aljihu, manhajar ta ƙara ramewa, baƙaƙen sun ƙara girma. Da farko layi goma ke shiga allo. Aka dawo biyar, aka dawo uku. Abokan aikina a makaranta suna tsokanata wai ni kaɗai ne mai manhajar da ke ci baya. Ina dariya tare da su, amma gaskiya duk sifilin da na rubuta sai na ji zuciyata ta yi nauyi, don na san abin da yake nufi.

Da damina ta kankama, ya ce allon yana jinkiri wajen juya shafi. Na koma fayil ɗin ina neman abin da ya rage a cire. Na ga wani layi na zane mai laushi, wanda ke gyara gefen hoto da inuwa. Na ce Baba ba hoto yake kallo ba, na mai da shi sifili. Na haɗa, na gwada a kwamfutata, rubutu ya fito tsaf, shafi na juyawa kamar walƙiya. Ranar da na kai masa hadari ya haɗo daga wajen Kajiji, mai mashin ɗin da ya kawo ni yana ta danna oda a ƙofar gida. Baba yana ciki yana alwala. Na zuba sabuwar a kan tsohuwar, na rufe kwamfutar, na leƙa na yi sallama da Inna, muka tsere wa ruwa.

Washegari na kira shi.

"Baba, ya sabon?"

"Lahiya lau. Ya daina nawa."

"Rubutun fa?"

"Ina gani nai."

Jarrabawa ta riƙe ni a makaranta, Juma'a ta wuce ban je ba, wata ma ta wuce. Da na samu kaina na tafi ranar wata Talata, na isa ana tsakiyar karatu. Ban so in katse su ba, sai na bi ta ƙofar cikin gida na shigo zauren ta baya, na tsuguna a bayan kafaɗarsa. Ɗalibai suna gabansa a jere, bayan kwamfutar kawai suke gani, kowa idonsa a kan littafinsa.

Allon fari ne fat. Babu ko ɗigo.

Nan take na gane abin da ya faru. Tawa kwamfutar tana da hanyarta ta zana baƙaƙe, ita kuwa ta Baba da wannan layin da na kashe take dogara wajen zana manyan haruffa. Ni na gwada a inda ba a buƙatarsa. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji muryarsa tana tafiya ba gargada. Ya sunkuya kusa da allon yadda ya saba, haskensa a fuskarsa, ya ja layin Larabci, ya ɗago ya fassara, ya sake sunkuyawa. Da ya kai inda shafi ya kamata ya ƙare, ya lalubo dogon maɓallin ya danna, farin ya koma wani farin, ya ci gaba. Wani ɗalibi ya yi tambaya a kan wata kalma, Baba ya ce, "Dakata in duba," ya matso da fuskarsa, sannan ya ba shi amsa daidai.

Ban san tun yaushe ya daina gani ba. Wataƙila tun ina ta fama da layi uku da layi biyar, ina kai masa girman rubutun da ba ya isa ko'ina. Na zauna a wurin hawaye na zubo min, ina danne numfashi kada ya ji.

Da aka shafa fatiha aka watse, na gaishe shi kamar yanzu na shigo. Ya amsa, ya tambayi iyali, ya shafa murfin kwamfutar ya ce, "Wanga na ƙarshe ya hi sauran duka. Kak ka ƙara taɓa shi."

Na ce, "To, Baba."

Amma na taɓa. Na koma Bodinga na mai da layin ɗaya, na sake haɗa komai, na dawo na zuba masa lokacin da ya tafi masallaci. Wannan karon na tsaya na buɗe, na ga baƙaƙen sun fito manya, baƙi ƙirin, na juya shafi bayan shafi har na tabbata. Ya ci gaba da karantarwa a gabanta har damina ta zagayo, Allah ya yi masa rasuwa. Bai san rubutun ya taɓa ɓacewa ba, bai kuma san ya dawo ba.