Hoton Yaya a Kwamfutar Inna

Ni ce auta a ɗakinmu, kuma duk wanda ya san gidanmu ya san bakina ba ya mutuwa. Inna takan ce tun ina goye nake gardama. To ban fasa ba har na girma na zama malamar makaranta a Talata Mafara, kuma da gardamar nan na ceto wata tsohuwar laftof da kowa ya cire wa rai.

Laftof ɗin tawa ce tun ina ɗaliba. Ta tsufa har ta kai in ka kunna ta sai ka je ka ɗora ruwan shayi, ka dawo ka tarar tana nan tana nishi. Na kai ta wurin wani mai gyara a bakin kasuwa, ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Malama, wagga ai ta gama aiki. Bar min ita in cire abin da ka ciruwa." Na ce Allah ya kiyaye, na fizge kayata na fita.

Wata abokiyar aikina 'yar Bakura, mai koyar da lissafi, ita ta ba ni filashi da wata manhaja a ciki. Ta ce ta kyauta ce, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka ƙera ta, suka bar ta a buɗe don kowa ya ɗauka ya gyara yadda ya ga dama. Za ta share tsohon tsarin gaba ɗaya ta zauna a wurinsa, kuma ba ta da nauyi, ko tsohuwar na'ura tana iya ɗaukarta. Ran Asabar da hantsi na yi bismillah na sa. Da aka gama na kunna, wallahi kafin in gyara ɗaurin kallabina ta buɗe. Na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki.

Abin da ya fi burge ni ba saurin ba ne. Na shiga wurin saiti na tarar babu abin da aka kafe da ƙusa. Layin nan na ƙasa mai ɗauke da agogo, kana iya mai da shi sama, ko gefe, ko ka kore shi baki ɗaya. Rubutu ka ƙara masa girma, kibiyar da ke yawo a kan allo ka sauya mata launi. Kwanaki ina dawowa daga makaranta in zauna ina kwashe wannan in ajiye can, kamar amarya da jeren ɗaki. A cikin wannan wasan ne tunanin Inna ya faɗo mini.

Tun da zaman ƙauyenmu Damaga ya gagara muka dawo da ita cikin garin Maradun, Inna ba ta da abin yi. Matar da ta saba da tatsa da kaɗa nono da fili iya ganinka, ga ta a ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida, idanu kuma sun fara rauni. Na ce in na zuba mata karatu da wa'azi da bidiyon bukukuwan dangi a wannan laftof, za ta rage kaɗaici, tunda akwai 'yar sola a gidan. Wannan shi ne dalilin da na gaya wa mutane. Dalilina na gaskiya Yaya ne.

Yaya shi ne ɗan farin Inna. Ya tafi ƙasa mai tsarki neman abinci, yana ɗinki a can, kuma shekaru sun tura bai zo gida ba. Inna kuwa Bafillata ce ta wajen uwa, kunyar ɗan fari a nono ta sha ta. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In dole ta yi, sai ta ce "wancan". Tun yana gida ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake. In ya bugo waya aka miƙa mata, daga "lahiya lau" sai "to madalla", ta mayar da wayar kamar tana ƙona mata hannu. In ya turo hoto na kai mata wayata, sai ta kau da kai ta ce idonta ba ya ganin ƙananan abubuwa. Amma ni na san duk ranar da ake hirarsa a tsakar gida, tsintsiyar Inna ba ta barin kusa da mu. Wuri ɗaya za ta yi ta shara har a tashi. Abin yana ci mini rai. Tsohuwa ce, shi ma ba yaro ba ne, kuma babu wanda ya san ranar dawowarsa. Na rantse sai ta ga fuskar ɗanta da girma, yadda idonta ba zai sami hujja ba.

Na zauna na yi wa laftof ɗin aski. Na kore layin ƙasa, na cire duk wani tarkacen da zai rikita ta. Na hana ta tambayar kalmar sirri, da an buɗe murfi sai ta farka, da an rufe ta yi barci. Na bar manyan alamomi kaɗan, kowace ta kai tafin hannun jariri: ta karatu, ta wa'azi, ta bukukuwa. Kibiyar na kumbura ta na mai da ita rawaya. Sannan na zaɓi hoton Yaya mafi kyau, yana zaune gaban keken ɗinkinsa da farar jallabiya, na shimfiɗa shi a bangon allon tun daga wannan kusurwa har waccan. Na ja da baya na duba, na ce kai, ko kamfani albarka.

Na hau mota zuwa Maradun ina jin kaina. Na tarar da ɗakin Inna cike, ga Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ga maƙwabta sun zo hira. Aka yi gaisuwa, aka tambayi aiki da gajiya da mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa duk na ƙosa. Da aka lafa na ɗora laftof a kan kujera 'yar tsugunne, na ce, "Inna, ga tsarabarki." Na buɗe murfi. Yaya ya cika allo yana kallon kowa.

Inna ta juya fuskarta bango. Ta laluba ta ɗauki faifai ta kifa a kan allon, ba tare da ta duba ba.

"Ɗauke abinga," ta ce.

Goggo ta riƙe haɓa. "Ke wagga ɗiya, boko ya cinye miki kai? Ki ɗauko mata ɗan fari ki dasa mata tsakar ɗaki, gaban mutane? So kike a ce ta zauna tana kallonai?"

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce shi ɗan farin ba ita ta haife shi ba? Na ce wace irin kunya ce za ta hana uwa ganin ɗanta, mutum yana wata ƙasa, ba a san gawar fari ba? Maƙwabta suka shiga ba ni haƙuri suna dariya ƙasa-ƙasa, Goggo na cewa ai auta ce, ba a gama dafa ta ba aka sauke. Na fice tsakar gida ina huci, su kuma suka tashi, Goggo ta taka musu zuwa zaure.

Da na huce kaɗan na koma ɗaukar jakata. Ban yi sallama ba, don a fushe nake. Ina ɗaga labule na ga Inna ta matso gaban kujerar, ta ɗaga gefen faifan da yatsa biyu, ta kusa manna fuskarta da allon. Tana jin motsina ta saki faifan, ta shiga kakkaɓe tabarma. Ni ma na yi kamar ban gani ba. Na rufe laftof na sa a jaka na ce zan je in gyara. Na hau mota na koma Mafara. Ashe tana so. Idon mutane ne ba ta so, har da nawa.

To yaya za a yi hoto ya kasance yana nan kuma ba ya nan? In na ɓoye shi cikin folda, Inna ba za ta iya bin hanya ta tono shi ba, kuma ko ta buɗe, kafin ta lalubo wurin rufewa mai sallama ya riga ya shigo. Na yi ta juya abin kwana da kwanaki. Rannan da la'asar ina goge maɓallan da tsumma, hannuna ya danne wasu tare, sai allon ya zame gefe, duk abin da na buɗe ya ɓace. Na ce innalillahi, na lalata ta. Na sake dannawa ina salati, sai komai ya dawo yadda na bar shi. Na buga wa 'yar Bakura waya, ta yi ta dariya. Ta ce ba ɓaci ba ne, haka manhajar take, tana da fuska fiye da ɗaya, kamar gida mai ɗaki da ƙurya. Mutum ya yi aiki a wannan, ya zame zuwa waccan.

Ban bari ta gama ba na kashe wayar. Na shiga saiti na rage fuskokin suka zama biyu. Sai dai duk hoton da na sa a ɗaya sai ya bi ni zuwa ɗayar, na cire ya dawo, na zage shi ya dawo. Na kusa jifa da ita. Can na hango wani ɗan akwati a ƙasa da aka yi wa alama, wai a yi amfani da hoto ɗaya ko'ina. Ɗan mitsitsin abu, shi ya hana ni cin abincin rana. Na cire alamar. A fuskar farko na sa hoton gonakin shinkafa na bakin kanal ɗin ban ruwa na Bakura, kore shar, da alamomin karatu da wa'azi a kai. A ta biyu na sa Yaya shi kaɗai, babu alama, babu rubutu. Sannan na ɗaure zamewar a kan maɓalli guda na can kusurwar dama: ka danna Yaya ya fito, ka sake dannawa shinkafa ta dawo. Na ɗiga gam na manna ƙwayar dutsen ado a kan maɓallin don yatsa ya gane shi ko ido bai gani ba. Na danna, na sake dannawa, na yi ta yi ina dariya har maƙwabciyata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Da na koma Maradun na buɗe a gaban Goggo da gangan. Ta ga shinkafa ta ce, "Yawwa, yanzu kin yi hankali." Na koya wa Inna yadda za ta kunna karatu, ta kuwa kama da wuri, ta fi Goggo nesa ba kusa ba. Da muka rage mu biyu na ɗaure fuska na nuna mata dutsen.

"Inna, wannan maɓallin kada ki taɓa shi. Lalatacce ne, shi ya sa na yi masa alama. In kuma hannunki ya faɗa kai bisa kuskure, ki sake danna shi, abin da ya fito zai koma nan take, ba wanda zai gani."

Ta dubi dutsen, ta dubi ƙofa. "Mi zai kai ni taɓa shi?" ta ce.

Na ce ai shi ya sa na faɗa.

Na yi makonni ban je ba, jarrabawa ta riƙe ni. Da na je na tarar laftof ɗin an ɗinka mata riga da ragowar atamfa, tana kan gado wajen matashin kai. Goggo ta ce Inna ta zama 'yar boko, yanzu da an yi azahar sai ta kori kowa ta saki labule, wai karatu take saurare ba ta son surutu. Na ce Allah ya ƙara ilimi. Na danne dariyata da ƙyar.

Sai da na tashi tafiya, ina tsugune ina ɗaure jaka, Inna tana bayana tana ninke zane, na ji ta yi gyaran murya.

"Wancan," ta ce. "Furfura ce a gemunai, ko idona na?"

Hannuna ya tsaya a kan jakar. Ban juya ba, don na san in na juya maganar ta mutu. Na ce furfura ce, Inna.

Ta ci gaba da ninki. Can ta ce, "Ya cika ɗaure fuska. Ki ce ya aiko wani da yake dariya."

Ban san lokacin da na isa tasha ba. Tun kafin mota ta cika na buga wa Yaya, ina jin ƙarar kekensa a bayan muryarsa. Na ce ya tashi ya wanke fuska ya ɗauki sabon hoto, kuma ya buɗe haƙoran nan, saƙon Inna ne. Keken ya tsaya.

"Wace Innar?" ya ce.

Na ce Inna nawa gare ka?

Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Auta, kada ki yi mini wasa. Ita ta ce da bakinta?"

Na ce da bakinta, har furfurarka ta gani. Sai na ji babban mutum, mai 'ya'ya, yana kuka a shagon mutane. Na bar shi ya yi mai isarsa, ni ma ina share nawa da gefen mayafi, 'yan mota suna kallona. Da ya lafa na ce to ya isa haka, ka je ka wanke ido, mai dariya aka ce.