Goyon Cikin Kifin Inna Husaina

Inna Husaina ce ta yanke mini cibiya, kuma yau shekara talatin da huɗu ba ta bar ni na manta ba. Duk ranar da ta tsare adaidaita sahuna a bakin layinmu na Gyadi-Gyadi, ko da fasinja uku a ciki, cewa take, "Zakariyya, sauke su. Na riga uwarka ganin ka." Haka zan sauke bayin Allah ina ta ba su haƙuri.

Ungozoma ce. Daga wani ƙauyen Rano aka kawo ta Kano, ta koyi aikin a wurin uwar mijinta, ta shekara arba'in tana karɓar haihuwa. Rabin unguwar nan ta hannunta muka biyo. Abin alfaharinta ɗaya ne, har yara sun haddace shi: ba ta taɓa rasa jariri a hannunta ba. In ta ga haihuwa za ta yi gardama, tun da wuri take kora mace asibiti. To yanzu matan da kansu suke tafiya asibitin. Shekara shida ba wanda ya buga mata ƙofa, sai dai ka same ta a tsakar gida tana jujjuya hannuwanta.

Malama Ruth, wata malamar makaranta a Tarauni da Inna ta karɓi haihuwar ɗanta na fari, ita ce ta tausaya mata. Ta kawo mata akwatin gilashi da kifaye biyu, mace da namiji, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Gupi ake ce musu. Da yake ranar Alhamis suka zo, Inna ta sa wa macen suna Lami. Namijin ta ƙi ba shi suna, wai ba ta ga aikin da yake yi ba.

Ashe yana yi. Bayan sati uku Inna ta kira ni ta ce in duba. Cikin Lami ya yi tulu, ga wani baƙin tabo kusa da jelarta. Na ce ai ƙwai ne. Ta buga wa Malama Ruth waya, ita kuwa ta ce wannan irin ba sa ƙwai, haihuwa suke yi, 'ya'ya da ransu. Wallahi sai ga Inna ta miƙe zumbur, tsohuwar da sai ta dafa bango take tashi.

"Cikin fari ne," in ji ta. "Goyon ciki za ta tafi."

Na ce, "Inna, kifi ne fa!"

"Kifi ba shi da gidan iyaye? Daga gidan Ruth ta fito, can za ta koma ta haihu. Juyo da mashin."

Ta zuba Lami a bokiti, ta rufe da sabon mayafi, ta rungume. Tafiyar da nake yi a minti goma, sai da muka cinye awa guda. Kada in shiga rami, kada in taka birki, kada in yi hon. Motoci suka yi layi a bayanmu. Wani direban bas ya leƙo ya fara surfa mini zagi, Inna ta fito da kai ta daka masa tsawa: "Kai, mai ciki muka ɗauko!" Nan take mutumin ya ce a yafe masa, Allah ya sauke ta lafiya, har yana tare mana hanya da hannu. Ni dai kunya kamar in nutse.

Malama Ruth ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ta share musu ɗaki, ta wanke wani akwatin gilashin ta cika shi da ruwan da ya kwana. Sannan ta durƙusa ta ce, "Inna, abu ɗaya. Tana gama haihuwa a cire ta. Cinye 'ya'yanta take yi."

Inna ta ɓata rai. "Ke Ruth, ji tsoron Allah. Wace uwa ce za ta ci ɗanta? Jariri a jikin uwarsa yake samun ɗumi. Naki da na karɓa, raba ku na yi?"

Malama ta roƙa, ta roƙa, Inna ta kafe. Da ƙyar ta yarda aka sa ciyawar ruwa a gefe guda don yaran su samu maɓoya, ita ma don an ce mata labule ne.

Rana ta biyar da hantsi na kawo saƙon da Inna ta ba ni, ganyen darbejiya da kanwa, na wankan jego. Na tarar Malama Ruth ta ɓoye tukunya da butar shayi, ta ce in dai tafasasshen ruwa ya taɓa Lami to farfesu za a sha. Suna cikin wannan musu Lami ta raɓe a lungu tana karkarwa. Sai ga ɗa ya faɗo, kamar ƙwayar shinkafa mai ido biyu, ya mimmiƙe ya yi iyo. Inna ta rangaɗa guɗa. Muna ƙirgawa har goma sha ɗaya.

Sai Lami ta juyo ta haɗiye ɗaya.

"Lasar sa take yi," in ji Inna.

Ta haɗiye na biyu. Inna ta matso da fuskarta jikin gilashi tana jiran a tofo shi. Na uku ya tafi. "Lami! Ke Lami!" Sai da na huɗu ya bi su sannan Inna ta wawuri ludayi ta kwaso uwar ta jefa a bokiti. Ruwa duk ya jiƙa mata zane.

Bakwai suka rage, kuma ba a taɓa rainon kifi irin nasu ba. Gwaiduwar dafaffen ƙwai Inna take murje musu, abin da kan tsinke zai ɗauka, sau huɗu a rana. Duk bayan kwana uku ta rage ruwa kaɗan ta ƙara wanda ya kwana. Sai da suka yi arba'in na dawo da su Gyadi-Gyadi, duka bakwai, sun fi ƙarfin bakin kowa. Lami kuwa kwalba aka ware mata a bayan ƙofa. Inna tana ba ta abinci kullum, amma ba ta gaishe ta.

Ni kam labari ya samu. Na ba da shi a majalisa, na ba fasinja, har kwaikwayon muryarta nake yi, a yi ta ƙyaƙyatawa.

Watan jiya aka yi sunan 'yata, wadda aka haifa a asibiti. Na shigo da buhun ruwa cikin gida, na ji surukata tana nuna wa baƙi Inna: "Wannan ita ce ungozomar da ba ta taɓa rasa jariri ba."

Inna ta ce, "A'a, 'yar nan. Daina faɗin haka. Huɗu ne."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga hawaye na bin kumatunta.

"Huɗu," ta sake cewa. "An gaya mini na ƙi ji. Kuma ina tsaye a kansu."