Talo-talona da tattasan ƙanena

Ni dai tun ina saurayi ƙafata ba ta san zama ba. Kwana uku a gari guda sai in ji kamar tabarma na cizona. A shekarar da nake ba ku labari ina apranti, wato yaron mota, a wata kamyo, babbar motar kaya, muna bin titi daga Maraɗi zuwa Damagaram, wani sa'in har gaba. Shekarar fari ce, lokacin soja. Damina ta leƙo ta koma, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. A kowane shinge sai jandarma sun hau mota sun caccaki buhuna, su tabbatar ba hatsi muke fita da shi ba.

A tashar Tasawa saƙo ya same ni cewa Inna ta kwanta, ta bar cin abinci. A ranar kuwa ina da talo-talo. Wani ma'aikaci aka canja ma wurin aiki, muka kwashe mashi kaya, matarsa ta rantse ba ta shiga mota da wannan tsuntsu. Ya ce in ɗauka. Babba ne, namiji, ga wuya tsirara ja wur. Na ce to, Allah ne ya turo ma Inna nama. Na yi sallama da direbana, muka yi da shi in tare shi ranar kasuwa in sun biyo. Na hau amalanke zuwa Korgom, daga nan na taka zuwa ƙauyenmu, talo-talo a hammata yana ta zagin duk wanda muka gamu da shi.

Ni ne ɗan fari wurin Inna, don haka ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta kuma yi mani magana kai tsaye. Goggo, yayar babanmu, ita ta goye ni tun yaye. Da na shiga gida na tarar da Inna a tabarma bakin ɗakinta, ta zama rabinta. Hannu kamar sillen kara. In ta buɗe baki sai ka ga jini a dasashi. Wata da watanni ba abin da ake ci sai tuwon jar dawar taimako, miya kuwa ruwa ce da gishiri da sunan kuka. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi bango, ta amsa ma bango. Sannan ta saci kallon abin da ke hannuna, ta ce ma Goggo:

"Ki tambayi wancan, duk yawon nan da yake yi, ungulu ya samo muna?"

Goggo ta yi dariya har da tari. Ni ma na yi.

Ƙanena shi ke riƙe da gida. Bai taɓa wuce Mayahi ba, ba ya kuma jin ya rasa komai. A shekarar soja sun ce kowane gari sai ya yi noman rani, aka zo da iri a ƴan takardu, aka shinge fili kusa da rijiya aka yi garka. Mutane suka yi don tsoro, shi ya yi don so. Salati, kabeji, da layi huɗu na tattasai da yake ba ruwa da guga safe da maraice, tafin hannunsa duk kanta. Lokacin da na zo tattasan ya nuna, ja kamar an shafa mashi mai.

"Yaya, wannan abin naka me yake ci?"

"Hatsi."

"To ka kawo muna baƙo ke nan, ba magani ba."

"Kai kuma me ka ba ta? Kayan rina miya? Na ɗauki tattasai a baya buhu ya fi ɗari, ban taɓa jin ya tada mai jinya ba."

"Ka ɗauka a baya. Ita a baki take sa shi."

Washegari muka tafi Korgom mu biyu wurin likita, a gaskiya anfirmiye ne, ma'aikacin jinya, amma mu likita muke ce mashi. Muna tafe muna musu, ko ruwa ba mu tsaya sha ba. Ya saurare mu yana wanke hannu. Ya ce naman talo-talo shi ke mai da tsokar da ta zube, yana ƙara jini, ga shi ba kitse da yawa, ba zai dame ta ba. Na juya na kalli ƙanena. Sai ya ce amma jinin dasashin nan, ko raƙumi muka yanka mata ba zai tsaya ba, abin da ke tsai da shi yana cikin jan tattasai, musamman ɗanye, in an daɗe ana tafasa shi amfanin ya ragu. Yana kuma taimakon ido. Sai dai tattasai yawancinsa ruwa ne, ko kwando ta ci ba zai mai da mata jiki ba. Ƙanena ya kalle ni, ni na kalli likita.

"To wanne ya fi?" na ce.

"Kai da ƙafarka ta dama da ta hagu wacce ta fi? Ku je ku ba ta duka biyun. In ba ta samu nama ba cikin kwanakin nan, ban san abin da zan ce maku ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni sakat. Muna isa na kai tsuntsun wurin liman, don a rufe zancen ungulu. Ya zagaya shi, ya duba ƙafa da baki, ya ce ɗan'uwan zabo ne, halal ne. Aka yanka. Matar ƙanena ta dafa romo, ta soya sauran ta shanya don zafi ya fara shigowa. Haƙoran Inna na girgiɗi, sai aka daka tsokar ta yi laushi kamar dambu.

Ni na ɗauki kwanon da hannuna. Na ajiye gabanta, na zauna nan kusa, na naɗe ƙafa. Ina so in ga loma ta shiga. Ta juya fuska. Na matsar da kwano, ta ja mayafi.

"Ki ce ma wancan ba ni jin yunwa."

Na zauna har romo ya huce, kitsen ya kwanta. Aka ɗauke, yara suka cinye. Da la'asar na sake, haka. Washegari haka. Abin da ya fi ci mani rai, duk lokacin da na fita na dawo sai in tarar da ƴar ƙwaryar da ƙanena ke murtsuke mata ɗanyen tattasai da gishiri an suɗe ta tas. Shi ko sai ya kifa ƙwaryar inda zan gani.

Na kasa zama, na kasa tafiya. In je rijiya in dawo, in je masallaci in dawo, in leƙa garka in harari tattasai. In na hau tudun bayan gari ina jin kamar ƙarar motoci daga titi, ko da yake na san nisan ya wuce a ji. Ranar kasuwar Tasawa ta zo, ranar da muka yi da direbana, na bari ta wuce. Ban taɓa barin mota ta wuce ni ba sai ran nan. Nama kuwa yana ƙarewa, don duk kwanon da ta ƙi, ba ya komawa tukunya. Na ɗauko liman ya zo ya faɗa mata da bakinsa cewa halal ne. Na sa aka ce mata zabo ne. Na sa aka zuba tattasan ƙanena a ciki, na haƙura da girman kai. Duk a banza. A kwana na biyar saura ƙirji guda da cinya, Inna kuma sai an riƙe ta take zuwa bayan ɗaki.

Da hantsi na ɗauko kwano zan nufi ɗakinta, Goggo ta tare ni a bakin turmi.

"Zo nan, sarkin yawo. Garuruwa nawa ka ce ka gani?"

"Goggo, bari in kai mata tun da zafi."

"Ajiye. Tun da anka haife ka, ka taɓa ganin uwarka na tauna?"

Na buɗe baki in ce sau nawa, sai na tsaya. Na duba baya, shekara kusan talatin. Na ga tana daka, na ga tana tuƙi, na ga tana rabon tuwo. Ban ga loma a bakinta ba ko sau ɗaya. Da ina gida tare da maza nake ci a zaure, da na girma kuma ba na gida.

"Macen da ke kunyar sunanka, ita za ta buɗe baki gabanka, da jini a haƙori, ta ci abin da ka kawo, kai kuma ka zuba mata ido kamar jandarma? Shi wancan auta ne, ko a cinyarta ya zauna sai ta ci."

"To me ya sa ba ki faɗa mani ba tun ranar farko?"

"Na ce yaron da ya je Damagaram ai ya yi hankali. Kuma ka taɓa tsayawa wuri guda a yi maka magana?"

Na ce to zan zauna a zaure. Ta ce a'a. Muddin ina garin, Inna ta san zan shigo in duba kwano, in tambayi loma nawa, gari ya ji ta cinye naman ɗan fari yana tsaye. Ta ce aikin da na fi iyawa shi za ni yi, in ɗauki jakata.

Ban taɓa jin tafiya ta yi mani nauyi ba sai ranar. Na je na durƙusa na ce ma Inna zan koma. Ta ce ma bango Allah ya kiyaye hanya. Ƙanena ya raka ni har bayan garka, ya tsinko tattasai biyu ya tura mani a aljihu, ya ce in ci ko bakina ya huta da surutu.

Na samu wata motar a Tasawa. Sati uku ina kai da komo a titin nan, duk wanda na gani daga wajen Korgom sai na tsai da shi. Wani ya ce ya ji da sauƙi, wani ya ce bai sani ba. Da na kasa daurewa na sauka na koma.

Na tarar da Inna zaune a murhu, ba a tabarma ba, tana fifita wuta da mafici na gashin talo-talo. Har yanzu da rama, amma ita ta kai kanta wurin. Matar ƙanena ta raɗa mani cewa ko rijiya ban kai ba ran nan Inna ta ce a miƙo kwanon, kuma sauran naman kwana shida ta yi tana ja, kullum da murtsukakken tattasai a kai. Ƙanena ya ce tattasai ne ya tashe ta. Na ce talo-talo. Har yau in mun haɗu sai mun taɓa.

Inna ba ta ɗago ba. Ta gyara itace, ta ce ma Goggo:

"Ki ce ma wancan ungulun nan tashi ta yi tauri. In ya sake samu, ya nemo ƙarama."

Na ce a gaya mata na ji. Na ɗauki butata na fita zaure, don na ga ana shirin sauke tukunya.