Hoton da Tsaya-Haka Bai Ɗauka Ba

Duk layin da Tsaya-Haka aka san shi, don ba shi da maganar da ta wuce wannan tun da ya buɗe shagon hoto shekara ashirin da bakwai da suka wuce. Shagon ɗaki ɗaya ne: labule mai zanen tafki da rana ta koɗar, kujera, furen roba a tukunya, da tsagaggen madubi inda mutane ke gyara wuyan riga. Da wannan ɗakin ya raini 'ya'ya huɗu, har autarsa ta shiga makarantar koyon jinya.

A zamanin fim ya koyi sana'a, kuma hannunsa bai taɓa barin zamanin ba. Sau ɗaya yake danna maɓalli, da ƙarfi, kamar mai kashe kyankyaso. Da ya koma kyamarar dijital, a shago babu matsala, tunda mutum zai tsaya ƙiƙam har ta gama tunaninta. Amma a fita waje, sai abin haushi. Ya danna, ta yi shiru, fitilarta ta yi ƙifce-ƙifce, sannan ta ɗauka bayan an gama komai. Ya tara hotunan ƙeya, da rufaffun idanu, da ƙwallon da ta riga ta wuce.

Da ma zai jure, ba don Dogo ba. Dogo mai hoto ne da ya kama shago a tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Kyamararsa baƙa ce mai dogon baki, idan ya danna sai ka ji tat-tat-tat, kuma kowace ƙara a ƙirjin Tsaya-Haka take sauka. Kishi yake yi, kishi na gaske. Yakan zauna a bakin ƙofa da jarida a hannu, alhali masu shiga shagon Dogo yake bi da ido. Abin da ya fi ci masa rai shi ne mutumin ba shi da abin zagi, kullum da safe sai ya ɗago hannu ya gaishe shi.

A ɓoye ya shiga neman magani. Ya sake batir sau biyu. Ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya hura iska a kowace kafa. Har wata unguwa mai nisa ya kai kyamarar wajen mai gyaran rediyo, don kada Dogo ya gani. Mai gyara ya jujjuya ta ya ce lafiyarta ƙalau.

Wata rana Dogo ya ga ya yi ta fama da hoton wata yarinya mai tsalle-tsalle, sai ya tsallako.

"Baba, ka yi haƙuri da shisshigi. Katin ajiyar nan ya cika, kuma ya tsufa. Ka kwashe hotunan ka goge shi, ko ka sa sabo. Fitilar nan ma a kashe ta da rana. Babban abin dai, ka daina danna ta gaba ɗaya. Danna rabi, ka ji ta ce tit, ta kama mutum ke nan, sai ka ƙarasa."

Tsaya-Haka ya dube shi sama da ƙasa. "Ina wanke fim aka haife ka. Na gode."

A gida ya ce wa matarsa, "Kin ji makirci? Wai in goge hotunana na shekara da shekaru!"

"Baban Auta, matambayi fa ba ya ɓata. Ka gwada rabin dannawar mana, me zai ragu a jikinka?"

Bai gwada ba. Gwadawa na nufin Dogo ya fi shi sani, shi kuwa ya gwammace kyamarar ta mutu.

Ana sauran mako guda bikin yaye ɗalibai, Auta ta zauna kusa da shi ta ce, "Baba, lokacin da za a miƙa mini takarda, kai nake so ka ɗauke ni. Ba na son hoton kowa." Ya bugi ƙirji ya ce an gama.

Ranar da hantsi zauren makarantar ya cika. Tsaya-Haka ya samu wuri daf da matakala. Yana ɗaga kai sai ga Dogo a ɗaya gefen dandamali, da katin shaida a wuya, ashe shi makarantar ta ɗauka aikin, aikin da shekarun baya na Tsaya-Haka ne. Nan take ransa ya ɓaci. Ana kiran sunaye, shi kuwa hannun Dogo yake kallo, da yadda yake durƙusawa, da dogon bakin nan yana tat-tat-tat. Sai ihun matarsa ya ji daga baya, ashe har an kira Auta. Ya juyo a firgice, ya ɗaga kyamara, ya danna da dukkan ƙarfinsa. Ta yi shiru. Ta yi ƙifce-ƙifce. Ta ɗauka.

Ya duba: hannun shugabar makaranta babu komai a ciki, da gefen rigar Auta tana sauka.

Da Auta ta nemi gani, ya ce sai an wanke. Washegari ya kulle kansa a shago, ya kashe fitilar kyamarar, ya leƙa ta taga ya saita wani mai keke. Ya danna rabi. Tit. Ya ƙarasa. Ga mai keke tsaf, har igiyar takalminsa. Ya sake da kyanwa, ya sake da tattabara tana tashi, duka suka fito. Ya zauna a kujerar masu hoto.

Da la'asar Dogo ya yi sallama, ya ajiye babbar ambulan a kan tebur. "Na ƙanwata ne, Baba. Ina taya ku murna."

Hoton ya yi kyau, har Tsaya-Haka ya ji haushin kyansa. Ga Auta, takarda a hannu, ta juya fuska gefen matakala tana dariya, mahaifinta take nema. Can a kusurwa ga shi nan shi ma, kyamara a rataye a ƙirji, ya haɗe rai, idanunsa tsaye cikin kyamarar Dogo.

Ya yi niyyar yanke kusurwar da almakashi, sai Auta ta shigo ta riga shi ɗauka. Ta daɗe tana kallo.

"Lah, Baba, ka fito ma! To me kake kallo a can? Ni fa ina ta neman idonka."

Ya mayar da almakashin cikin aljihun tebur.

Har yau hoton na rataye a falonsu. Idan baƙo ya yaba, Tsaya-Haka kan ce haske ya ɗan yi yawa ta hagu, sannan ya canza kujera ya ba hoton baya.