Ranar da Dillali Ya Lashe Amansa

Duk inda na ji ƙanshin kifin banda, raina ne ke fara ɓaci kafin yawuna ya tsinke. Bari in gaya maka dalili.

A wani ƙauyen bakin ruwa na tashi, tsakanin Wara da Yelwa. Baba masunci ne, Inna ke banda. In ruwa ya fara janyewa, gidanmu hayaƙi ne wuni guda, tarwaɗa da karfasa jere a kan waya, mu yara idanu jajur. Ran kasuwa Inna ta loda kwanduna a kwalekwale ta nufi Yelwa, ba ta dawowa da ko jela.

Akwai wani dillalin kifi da ya so ta riƙa sayarwa ta hannunsa, ta ƙi. Ina 'yar shekara goma wani yaro ya rasu a Yelwa bayan amai da gudawa. Sai dillalin nan ya tsaya tsakiyar 'yan kifi ya ce kifin Inna yaron ya ci, wai maganin feshin gona take yayyafawa don kada tsutsa ta shiga. Kasuwa uku a jere Inna na dawowa da kwandunanta cike. Kifi ya yi fumfuna muka zubar. A bakin rafi ƙawayena suka daina shan ruwa a ƙwaryata.

Baba ya ce a bar wa Allah. Kaka, wadda ta haifi Inna, ta dube shi sheƙeƙe.

"Allah shi ya aje alƙali," ta ce. "Wanga mutum sai ya lashe abin da ya tofar."

A kotu aka ce ƙarar ɓata suna sai da shaidun da suka ji da kunnensu. Kasuwa guda ta ji, amma kowa ya ce shi hankalinsa na kan ciniki, don duk ta hannun dillalin suke ci. Kaka ta ɗauki sandarta cikin zafin bazara tana bi gida-gida. Da ƙyar ta samu mai tuƙa kwalekwale da wata tsohuwa mai daddawa 'yar ƙabilar Kambari. Wadda ba a zata ba ita ce uwar mamacin. Da kanta ta zo, ta shaida wa alƙali cewa satin nan ko romon kifi bai shiga gidanta ba.

Alƙali ya nemi hujja wurin dillali, ya yi ta kame-kame. Aka ci shi tara, aka kuma umarce shi ya koma inda ya yi maganar ya janye ta a gaban jama'a.

Ranar Kaka ta ci ado kamar Sallah, ta sa na shimfiɗa mata tabarma a gabansa. Ya sunkuyar da kai ya ce ƙarya ya yi, muryar can ƙasa.

"Ban jiya ba, ɗana," in ji Kaka. "Kunnen tsufa. Ƙara."

Sau uku ta sa shi ya maimaita, har masu lodi suka ajiye kaya suna kallo. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Sai dai janyewar ba ta kai inda ƙaryar ta kai ba. Shekaru bayan nan akwai masu ɗaga kifin Inna su sansana su ajiye. A hankali ta bar banda ta koma saƙar tabarma.

Yau ba sai mutum ya tsaya a kasuwa ba. Ya yi magana a waya, kafin la'asar maganar ta wuce garin Shanga, ba kuma tabarmar da za ka shimfiɗa a gabansa. Dillalin yana nan da rai, ya tsufa, ba ya gani sosai. Da Inna ta kwanta ciwon ajali ya aiko neman gafara, ta ce ta yafe. 'Ya'yana suna mamakin yadda ba na gaishe shi in mun wuce ƙofar gidansa. Nakan ce musu Inna nata haƙƙin ta yafe, nawa ba wanda ya aiko a kansa.